Toka a Kan Kapo

Galma, 9 ga Oktoba 1986

Zuwa ga Mai mota, a Abijan.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da 'yan Adar abokan zamanka duka. Yaya aiki, yaya ruwan can da ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya lau, an shiga yankan hatsi, bana Allah Ya rufa asiri.

Albishirinka. Iyalinka ta sauka jiya da hantsi, an sami ɗiya mace, ita da uwar duk lafiya. Haihuwar ta zo da wuri, ba a samu kai ta gidansu can Tama ba, a ɗakinka ta sauka, Saude ungozoma ta karɓa. Ni dai na yi amarya. Tun jiya ban zauna wuri guda ba. Na tafi masallaci da takalmi ƙafa guda nawa, ƙafa guda na innarka, sai da liman ya nuna mini. Wannan wasiƙa da hannuna nake rubuta ta. Malamin makarantarmu ta dare adireshi kawai zai sa a baya, tunda kai ɗan fari ne, sunanka ba ya fita bakina, alƙalamina ma ya ƙi.

Sai zancen mota. Ka ce in motarka kat-san-kat ta rabu da tsatsa har aka karɓe ta layi a tashar Madawa, za ka dawo gida ka zauna. Na riƙe wannan magana. Gwangwanayen fentin da ka aiko sun iso. Ni da Alhusaini, wanda ya yi aikin gareji a can shekarun baya, mun ɗora ta bisa duwatsu a tsakar gida, mun cire ƙafafun, mun kewaye ta da zana. Iska kuwa a tsohuwar tayar kamiyo, babbar motar kaya, muke tarawa, shi yana taka famfo, ni ina riƙe da fistole, bindigar fesa fentin. Shuɗin ya hau sumul, da safiyar haihuwar muka gama shi. Saura barni, man ƙyallin nan da ake fesawa a ƙarshe.

Amma ga abin da ya same ni. Da na ji guɗa na yar da fistole na nufi ɗaki. Ina sunkuyawa a bakin ƙofa jaririyar ta kama tari, fuskarta ta yi ja. Saude ta ce warin dilwan ne, ruwan nan da muke tsinka fenti da shi, ya kama gemuna da rigata. Innarka ta tura ni waje da hannu biyu, ta ce ba ni ba ƙofar nan sai ran da na bar warin gareji. Tafin ƙafa guda kawai na gani. Ƙafar gidanmu ce, babbar yatsa a ware.

Kowa na gaishe ka. Ka huta lafiya.

Mahaifinka,
Surajo


Galma, 18 ga Oktoba 1986

Zuwa ga Mai mota.

Ina gaishe ka da kyau, da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Innarka da iyalinka suna gaisuwa, haka ma Alhusaini.

An yi suna lafiya, ta ci sunan Zaliha. Jama'a sun zo daga Buza da Tamaske har tabarmi suka kasa. Ni angon kuwa can gindin rumbu aka ajiye ni. Tsofaffin mata suna wucewa suna toshe hanci, wai amarya ta ƙi tsoho tun ranar farko, in sake ta su nemo mata saurayi. Na yi dariya tare da su, amma da na ga wanzami ya riƙe kanta yana aski, na ji kishinsa har cikin raina.

Barni ya ba mu wahala. Ka san mai jego wanka take yi safe da yamma da tafasasshen ruwa. Itace ya yi wuya a garin nan, da karan hatsi ake hura wutar a ƙarƙashin rabin tano, gangar ƙarfen da ake tafasa ruwan, tokar kara kuma ba ta da nauyi, tashi take yi sama ta sauko inda ta ga dama. Mun yayyafa ruwa a ƙasa, mun jiƙa zana, muka fesa hannu na farko. Ya kwanta kamar ruwan randa, har na ga gemuna a jikin ƙofa. Kafin ya sha iska aka hura wutar yamma. Da gari ya waye motarka kamar zabuwa. Sai da muka jira ya bushe, muka koma gurzawa da takarda mai yashi da ruwa, har yatsuna suka tsage.

Na roƙi innarka a matsa da murhun. Ta ce in nuna mata wurin: gabas rumbu, yamma danni, baya turken awaki, ko so nake ta ƙone gidan saboda ƙarfe. Na ce to a rage wankan yamma na kwana biyu. Kallon da ta yi mini ya sa ban ƙara ba. Motar kuma ba ta fita. Ba ta da ƙafafu, in ma an mayar, waje sussuka ake yi ko'ina, ƙaiƙayi ya fi tokar yawa. Jira ma ba ya yiwuwa, Alhusaini ya ce barnin da aka buɗe aka haɗa ba ya daɗewa, gwangwani guda ya rage, har ya soma kauri.

To ga ni tsakanin zana huɗu. In na bar aikin don warin ya fita, barni ya lalace, mota ta zauna, kai ma ka zauna can. In na ci gaba, ba ni ɗaukar jikata. Ga shi mutanen Tama sun aiko, ranar kasuwa mai zuwa za su zo da amalanke su tafi da mai jego da ɗiyar, kuma ka san goyon fari, sai yarinya ta yi wayo ake dawo da ita. A zaure nake kwana, can ake kai mini tuwo. Ina jin kukanta ta bayan katanga, na ma san na yunwa da na wanka, amma in aka jera ta da wasu jarirai ba zan iya nuna tawa ba sai an buɗe ƙafa.

Ka taya ni da addu'a. Ka huta lafiya.

Mahaifinka,
Surajo


Galma, 25 ga Oktoba 1986

Zuwa ga Mai mota.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiyarka, ina gajiyar aiki? Mu nan sai godiya, hatsi ya shiga rumbu.

Mota ta ƙare. Bari in faɗa maka yadda aka yi, don kada ka ga kapo, murfin injin, ka zargi Alhusaini.

Innarka ta tausaya mini, ko kuwa ta gaji da ganina ina leƙe ta kafar zana. Ta ce ranar Laraba za ta jinkirta wutar safe har rana ta ɗaga, in yi abin da zan yi. Bayan sallar asuba muka jiƙa ƙasa, gari na yin haske muka fara. Babu iska ko kaɗan. Na bi rufi, na bi ƙofofi, na bi baya. Kapo na bari ƙarshe don shi ne fuskar mota. Ina cikin fesa shi na ji iyalinka tana nishi a ɗaki, Saude tana ba ta haƙuri, wai ta daure baba ya kusa gamawa. Sanyin safiya ne ya shige ta, ciki ya murɗa, ba ruwan zafi. Ɗiyar mutane tana jin kunyata, ba za ta ce komai ba. Na ajiye fistole na ce da innarka ta hura wuta yanzu.

Muka tsaya muna kallon tokar tana sauka. Rufi da ƙofofi sun riga sun kama, ba abin da ya same su. Kapo kuwa ɗanye ne, ya karɓa. Alhusaini ya leƙa gwangwani ya ce akwai ɗan saura a gindi, in mun bari ya bushe muka gurza, wataƙila ya isa hannu guda. Na lissafa, ko da ya isa, amalanken Tama zai riga mu. Na ce masa a'a. Na kife gwangwanin a bayan gida da hannuna don kada zuciyata ta sake shawara.

Daga nan na wuce wurin wanzami, ya aske kaina, ya aske gemun da na tara tun kana goye. Rigar aikin na jefa ta cikin wutar wankan. Na goge jikina da toka da lemun tsami, na kwana biyu ban kusanci zana ba. Jiya Juma'a innarka ta kira ni bakin ƙofa, ta shinshina wuyana da hannuwana kamar mai sayen man shanu a kasuwa, ta ce saura kaɗan amma an yafe. Ta ce kuma ba gemu na fi muni, amarya za ta tsorata.

Ba ta tsorata ba. Saude ta ɗora mini ita a hannu. Nauyinta bai kai na gwangwanin barni ba. Ta buɗe ido guda ta dube ni, ta kama yatsana da ya tsage ta riƙe. Goshinka ne da ita. Na yi ta kallonta har matan suka daina tsiya. Ina riƙe da ita tun la'asar har aka kira magariba, yau da safe kuma amalanke ya tafi da su.

Mun mayar da ƙafafun motar. Wanda duk ya shigo sai ya gyara hularsa a jikin ƙofa. Wani direban layin Keita ya zo ya zagaye ta, ya ce za ta shiga tasha ba gardama, sai dai kapo kamar an barbaɗa masa gero. In ka zo kada ka kai ta gareji a goge. Tokar wutar wankan ɗiyarka ce, tana ƙarƙashin barni, ba ta fita, ni kuma ba na so ta fita.

Na yi nawa. Makulli yana rataye a zaure, daga nan zuwa Tama ba nisa a mota. Ni sati biyu kawai na yi ina jin kukanta ta bayan katanga, na san yadda abin yake. Kai ko kukan ba ka ji ba. Ka taho gida.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Mahaifinka, angon Zaliha,
Surajo