Jar Hula a Rijiyar Doguwa

Zuwa ga Uwar Auta, da gaisuwa mai yawa.

Na san ba za ki karanta ba, ko da kina raye ma ni da ke ba mu san baƙi ba. Maƙwabci na roƙa yake rubuta mini.

Rabona da tsoro irin wannan tun shekarar da fara ta cinye mana hatsi, kina goye da Auta. To, Autan nan yau kwanansa tara a gidan kaso na Dogon Dutsi.

Kin tuna tsohuwar rijiyarmu, wadda doguwar cikinta, aljanar nan, ba ta son ja? Hajo, matar Maman na unguwarmu, ita ce ta zame ta faɗa. Aka kira masu ceto, pompiye, suka zo. Ɗayansu ya ɗaura igiya zai sauka da jar hula a kai. Na ce ya tuɓe ta, na faɗa har sau uku, ba wanda ya dube ni. Da ya fara sauka sai na buge hannun mai riƙon igiyar da sandata. Wallahi tsayar da su kawai na so in yi. Igiya ta kuɓuce.

An fito da Hajo da ranta. Mai jar hular kuwa bayansa ya karye, an ce da wuya ya sake takawa. Matarsa tana da tsohon ciki.

Da jandarmomi suka zo, Auta ya ce shi ne ya buge hannun. Auta da ya bi masu wa'azi, yake ce ma al'adata shirka! Ni kuwa na bar shi ya ɗauki laifina, Uwar Auta. Ina tsaye aka tafi da shi.

Yanzu rediyo na ta faɗi an tsananta hukuncin wanda ya raunata ma'aikacin ceto ko ɗan sanda, shekaru ne masu yawa. Wa zai nome gonar Auta? Ni kuma in na shiga, da ƙafata zan fito? Wa zai binne ni kusa da ke? Abinci ya ƙi shiga. Ko ƙarar babur na ji sai in shige ɗaki.

Har yau ban yarda doguwa ƙarya ba ce. Amma ba ita ta riƙe sandar ba.

Gobe da na yi asuba zan bi motar kasuwa zuwa wurin jandarmomi, da sandar a hannuna. Na naɗe bargon da kika bar mini.

Allah ya kai haske kabarinki. Sai na iso.

Mijinki mai taurin kai,
Gagara