Ratsin da Ya Sauya Gurbi

Maigidana Injiniya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jiki, yaya aikin gada? Ina fata tarin nan ya sake ka.

Jininmu da na ajiye a ɗakin gwajinmu ya nuna. Yau na rina kuromosom ɗinmu, 'yan sandunan gadon halitta da kake tsokanata wai safa nake jerawa. Ratsinsu ya fito, baƙi da fari. Baƙin ke ɗaukar ido, amma ƙwayoyin gado a farin suka fi cunkushewa. Nakan daɗe a kan madubin ƙara girma har in ga kamar unguwa nake leƙawa daga sama, nan fili, can gidaje manne da juna. Wani layin ma akwai irinsa a jikin kyanwarmu, shi ya sa take mana kallon dangi.

Maganarka ce ta tsaya mini a rai. Bayan ɓarina na uku ka ce in matsalar daga gare ka take, za ka sawwaƙe mini in samu haihuwa a gaba. Na san ka, ba ka magana biyu. Don haka na roƙi Doguwa, abokiyar aikina, ta yanke biyun ƙarshe daga hoton kowannenmu, waɗanda ke nuna mace ko namiji, ta rufe a ambulan, don kada in gane wane hoto ne naka, wane ne nawa. Tsoro nake ji.

Taka,
Mai Almakashi

Maigidana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na gani. A hoto ɗaya, guntu daga sanda ta huɗu ya yi musayar gurbi da na ta sha ɗaya. Ba abin da ya ɓace, shi ya sa mai shi ke garau. Wajen raba wa ɗa ne rabon kan karkace. Likita ta ce wani cikin yana iya tsayawa, kuma shawararta ɗaya ce ko hoton na wane ne a cikinmu.

Jiya da hantsi na gyangyaɗa a kujera, na ga yarinya tana tsallake ratsin nan ɗaya bayan ɗaya, da irin tafiyarka ta agwagwa.

Na farka na kai ambulan injin ƙona sharar asibiti. Ban buɗe ba. Doguwa kuma ta rantse ta manta.

Alkawarinka ya rasa madafa, Injiniya. Ka dawo gida.

Matarka har gobe,
Mai Almakashi