Hannun da Tumpa Ta Ce Yana Rawa

Alhamis, 3 ga Afrilu

Tumpa ta tafi da littafin zanena. Shekara tara ina tara shi: damisa, ɗawisu, kifi, malam-buɗe-littafi. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, ni na koya mata riƙe buroshi, ni na riƙa goge kwaɓar da take yi a kumatun 'ya'yan mutane. Yanzu ta buɗe nata wurin fentin fuska a unguwar Dhanmondi. Har ta je ta gaya wa shugabar makarantar da nake yi wa aiki duk shekara, wai, “Yaya Dilruba ta gaji, hannunta rawa yake yi.”

To. Za ki ga gajiya.

Asabar, 5 ga Afrilu

Duk wanda ya kira, eh nake cewa. Bikin yara uku yau: Mirpur, Uttara, na sake komowa Mirpur. Ko ɗaya ba zan bari ya faɗa hannunta ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Tumpa ta sa hoton damisata a shafinta na intanet. Damisa! Kyanwa dai mai mura. Ko gashin baki ba ta iya ja ba, amma mutane sai yabo suke. Ina wanke buroshi ina ayyana yadda ruwan wankin nan zai zauna a farin sarin da take ɗaurawa.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Maigidan ya ce, “Wai ni kike aure ko Tumpa? Har a kan abinci sunanta ne a bakinki.” Na ce, “Mofizul, ci shinkafarka.” Ya ce ai yana ci, gishirin dai da na manta yake jira.

Yatsuna biyu sun mutu, kamar ba nawa ba. Ban gaya masa ba.

Litinin, 14 ga Afrilu, ranar Sabuwar Shekararmu ta gargajiya

Da sassafe na isa bakin lambun shaƙatawa na Ramna, na kafa teburina daidai gaban na Tumpa, titi ne kawai tsakaninmu. Idan layinta ya kai mutum goma, sai na ga nawa ya wuce. Ban karya ba, ban sha ruwa ba. Kumatu bayan kumatu, ja da fari, rana tana dukan ƙeyata.

Bayan azahar wata 'yar yarinya ta zauna, ɗawisu take so. Na ɗora shuɗi, sai hannun ya fizge. Layin fenti ya tafi tun daga gefen ido har kunne, saura ƙiris na tsokane mata ido. Buroshin ya faɗi, na sunkuya, yatsun suka ƙi kamawa. Yarinya ta fashe da kuka. Uwarta ta ce, “Baiwar Allah, lafiyarki kuwa?”

Ban ga lokacin da Tumpa ta tsallako ba. Ta goge fuskar, ta ƙarasa ɗawisun. A kan teburina! Da fentina! Sannan ta miƙo min ruwan kwakwa. “Yaya, sha.” Na ture. Na ce, “Dawo min da littafina, ɓarauniya.”

Ta ce, “Shekara tara ina roƙonki hutun yini ɗaya a sati. Kin taɓa ba ni?”

A gaban mutane. Wannan ma na rubuta mata shi.

Talata, 15 ga Afrilu

Likita ta ce jijiyar wuyan hannu ce ta kumbura. Ta ɗaure. Sati uku ba buroshi. Da hagu nake wannan rubutun kaza.

Asabar, 19 ga Afrilu

Sharri Tumpa ta yi min. Lokacin da ta faɗa wa shugabar makarantar, hannun bai fara rawa ba. Ina jin bai fara ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na yi barcin rana. Rabona da shi har na manta. Da na tashi muka hau saman bene, Mofizul ya yanka ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono, ya ce, “Ashe kina da dariya.” Sai da aka kira la'asar na tuna ban tsine wa Tumpa ba yau. Nan take na rama tsinuwar.

Laraba, 7 ga Mayu

An kwance hannun. Likita ta ce in riƙa tsayawa bayan kowane yaro goma. Za mu gani.

Wata mata ta kira daga unguwar Gulshan, bikin 'yan biyunta jibi, yara sittin. Na ji bakina yana cewa, “Ba na aiki ranar Juma'a.” Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ta ce ko na san wata? Na ba ta lambar Tumpa. Yara sittin da suka ƙoshi da alewa, ta je ta ɗanɗana. Dalilina ke nan, babu wani.

Na dai tura wa Tumpa saƙo ta tafi da kujera mai jingina, ta kuma ci abinci kafin ta fara. Don kada a ce wadda na koya wa sana'a ta kife a gidan mutane.