Kujerun da Ba Sa Jiran Hoto

Litinin, 3 ga Maris

Kamfanin can da na nemi aiki sun amsa. Sun ce zane-zanena sun yi, amma kafin ƙarshen wata suna so su ga shafin intanet guda da na yi wa ɗan kasuwa tun daga tushe, da tambari da launi da komai. In ya burge su, aiki ya samu. Gari mai nisa, ofis mai sanyi, tebur na gaske. Na gaji da aiki a kan teburin gugar Umma, kullum sai na ɗauke kwamfuta in za ta goge mayafi.

Na faɗa mata. Ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ba ta ɗago ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na samu wanda zan yi wa: Baba Kafinta na bayan layinmu. Shekara da shekaru yana aiki, ko allo babu a ƙofar shagonsa. Na zuba masa bayani, ya saurara har ƙarshe da fensir a bayan kunne, sannan ya ce shi dai a sa lambar wayarsa da manyan baƙaƙe.

Asabar, 8 ga Maris

Tambari ya fito, 'yar kujera ruwan zuma, ni kaina ta burge ni. Baba ya ƙura mata ido ya ce ƙafar baya ta gaza, duk wanda ya zauna zai sha ƙasa. Na ce zane ne fa, Baba.

"Na sani, 'yata. Amma sunana ne a ƙarƙashinta."

Na ƙara wa ƙafar tsawo. Yanzu ni ce ba ta yi wa kyau ba, shi kuwa sai washe baki.

Talata, 11 ga Maris

Ranar ɗaukar hoto. Na ari farin zanen gadon Umma don in rataya a bayan kayan su fito tsaf. Na isa shago, kujerun da na gani jiya babu su. Wai mai su ya zo da sassafe.

Juma'a, 14 ga Maris

Gado ya tafi. Kabad ya tafi. Na roƙe shi ya riƙe mini ko da benci ne na kwana ɗaya, ya rantse zai riƙe. Da na zo, wata mai jego ta ga benci ta yaba, shi kuma bai iya cewa a'a ba. Abin da na samu na ɗauka: garin katako da kyanwar shago.

Lahadi, 16 ga Maris

Shafin kafinta babu kujera ko ɗaya. Dariya nake, amma saura mako biyu wata ya ƙare.

Alhamis, 20 ga Maris

Tunda kayan ba sa jirana, na bi su gidajensu. Baba ya yi mini kwatance, na saɓa kyamara.

Gidan farko, wata tsohuwa ce zaune daram a kujerar. Na roƙe ta ta ɗan tashi, ta ce tun da aka kawo kujerar bayanta ya daina ciwo, ba za ta tashi don wani hoto ba. Haka na ɗauke ta, tana gyara ɗankwali. A shagon mai aski, wani ya yi barci a kan benci, rabin kansa a aske. A gidan malamar makaranta, yara sun mai da ƙarƙashin tebur gidansu, har da labule.

Zanen gadon Umma ko warware shi ban yi ba. Na dawo ƙafata kamar ta cire, cikina kuma fal, don duk inda na shiga sai an ajiye mini kwano.

Laraba, 26 ga Maris

Shafi ya haɗu, kowace kujera da mai ita. Ban taɓa yin aikin da nake buɗewa don kawai in kalla ba sai wannan.

Mai aski ya aiko wai shi ma yana son tambari. Mai ɗinkin da ke kusa da shi ma haka. Na ce su yi haƙuri, tafiya zan yi.

Baba ya zo gida ganin shafi, ya tarar da ni a teburin guga. Shafin ma bai gama kallo ba ya zaro tef ya hau awon ɗaki. Ya ce zai yi mini tebur, amma iri biyu ne: akwai na naɗewa da ake jefawa a bayan mota, akwai babba, daga bango zuwa taga.

"Amma shi babban a cikin ɗaki ake haɗa shi. In ya haɗu, ba ya fita ta ƙofar nan."

Na ce na naɗewa, mana.

Litinin, 31 ga Maris

Na tura. Na rufe kwamfuta.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Sun ɗauke ni! Sun ce hoton tsohuwar nan ne ya gama da su. Suna jiran amsata ranar Litinin.

Na yi tsalle har na buge ƙafa da gado. Umma ta yi mini barka, ta sa albarka, sannan ta kwashe kayana kaf ta hau guga, har waɗanda ta goge shekaranjiya. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayanta. Murnar tana nan, amma ta yi nauyi.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na je gaya wa Baba labari. Na biya ta wurin mai aski, don kawai in ji irin launin da yake so a tambarinsa. Shuɗi. Zai yi kyau da farin almakashi.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ban rubuta wa kamfani ba tukuna, ai ranar ba ta ƙare ba. Ban yanke komai ba.

A tsakar gida nake rubutun nan saboda ɗakina ba ya shiguwa, Baba na ciki tun safe yana ta buga guduma, katako daga bango zuwa taga. Ɗazu ya leƙo da ƙusa a baki ya ce, "'Yata, kin tabbata? In na buga wannan, shi ke nan fa."

Na ce ya buga. Tebur ne kawai.

Umma na kicin, ina jin ta tana 'yar waƙa.