Hannun da Zan Ci Tuwo da Shi

Johannesburg

Yaya Asiyatu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba? Ya yara da mutanen Mangochi?

Ina nan lafiya, kada karkacewar rubutun nan ta dame ki. Hannun daman da injin katako ya kama ya warke, yatsun ne kawai ba sa lanƙwasuwa.

Na yi ta cigiya har aka haɗa ni da wata ma'aikaciyar asibiti, Nokuthula. Na ɗauka tausa za ta yi mini har hannun ya dawo. Ashe aikinta koya wa mutum hidimar yau da kullum da abin da ya rage masa. Mun koyi sa maɓallin riga da riƙon biro. Jiya ta kawo tuwon masara, ta ce in yanki loma da hagu.

Na ce, "A gidanmu ba a ci da hagu."

Ta yi dariya. "To ɗan'uwa, da ƙafa kuke ci?"

Na ce ai na ɗan lokaci ne. Nan ba ta yi dariya ba. Wataƙila ni ne ban fahimci cewa yatsun ba za su dawo ba.

Yaya, in na zo da sallah, kwano ɗaya za mu ci da Baba. Shi ya riƙa buge mini hannun hagun nan ina yaro har na daina miƙa shi. Ki faɗa masa da hagu nake ci yanzu kafin in iso. In ba zai iya gani ba, ki zuba mini nawa daban, ba zan ji haushi ba.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Twaibu