Ta ce sifiri, ni kuma na rubuta bakwai

Yaya Perihan, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Saura mako uku in tsaya gaban malamai in kare kundin digirina na biyu, amma akwai abin da ke cina a rai wanda ko mijina ban iya gaya wa ba.

Ni ma'aikaciyar gashin ƙashi ce a wani ƙaramin asibiti a nan garin Rize. Aikin da malamata, Farfesa Nurten, ta ba ni shi ne wata takardar tambayoyi ta auna ciwon kafaɗa da aka rubuta a ƙasar waje. Mun mayar da ita Turkanci, ya rage a gwada ta a kan marasa lafiyarmu a tabbatar tana faɗin gaskiya. Tambayoyin ba wuya: yaya ciwon yake idan ka miƙa hannu saman kabad, idan ka kwanta ta gefen, idan za ka sa kwat? Mutum ya zaɓi lamba daga sifiri zuwa goma. Bayan mako guda ya sake amsawa, sannan a gwada amsoshinsa da awon da na yi wa hannunsa. Ƙa'ida ɗaya Malama ta yi ta nanata mini har na gaji da ji: lambar da mai ciwo ya faɗa ita ake rubutawa, ba ƙari ba ragi.

Mutum casa'in da shida na tara cikin shekara ɗaya da rabi. Malaman makaranta da direbobi ba su ba ni wahala ba. Iyayenmu mata ne matsalar, masu yankan ganyen shayi. Kin san su, Yaya, shekara arba'in suna danna almakashi a kan tudu suna goya dami. Yawancinsu ido ya yi rauni ko karatun bai zauna ba, don haka ni nake karanta musu, ni nake riƙe biro. Wannan an yarda da shi.

Da Inna Gulizar abin ya fara. Da idona na ga sai da surukarta ta cire mata kwat, ita kuma tana cije leɓe. Hannun ba ya ɗaguwa ya wuce ƙirjinta. Na tambaye ta ciwon ya kai nawa, ta ce, "Sifiri, 'yar nan. Mun gode Allah, wasu ma ba su da hannun." Na sake tambaya, sai ta hau ni da tsiya: "Duk karatun nan naki bai gyara miki kunne ba? Rubuta ki sallame ni, ganye na jirana." Da surukar ta fita, ta rage murya ta ce in ɗanta ya ji tana ƙorafi zai hana ta shiga gona, ita kuwa ba ta ga ranar da za ta zauna a baranda tana kallon baƙi suna yanke mata shayi ba. Tausayi da haushi suka taru suka rufe ni. Na rubuta bakwai.

Daga nan hannu ya saba. Tsohuwa ta ce biyu tana yamutsa fuska, in sa shida. Su talatin da ɗaya na yi wa haka. Da suka dawo bayan mako, ai ina tune da abin da na sa. To yaya sakamako ba zai yi kyau ba, ni na auna hannun, ni na zaɓi lambar? Malama Nurten, wadda yabo ba halinta ba ne, ta duba ta ce, "Yarinya, kin fitar da ni kunya." Har ta fara zancen buga aikin a mujalla da raba takardar ga asibitoci. Na sunkuyar da kai na shanye shayin da ta zuba mini.

Makon jiya ina wajen Malama sai Inna Gulizar ta zo asibiti. Sashenmu ya riga ya fara amfani da takardar. Abokin aikina ya karanta mata, ya rubuta abin da ta faɗa daidai: sifiri, sifiri, ɗaya. A ranar nan layi ya yi tsawo, likita ya dubi bakwai ɗina na baya, ya dubi sifirin yanzu, ya sallame ta daga gashi. Na ci karo da su a bakin ƙofa, surukarta na ɗaura mata ɗankwali don hannun ba ya kaiwa. Ta dube ni tana dariya ta ce, "Kin gani ko, 'yar nan, takardarku ma ta ce na warke."

Yaya, tun ranar ban da sukuni. Wani lokaci in ce wa kaina ai ban yi ƙarya ba, ciwon yana nan, na ma fi su kusa da gaskiya. Wani lokaci in ji kunya kamar in nutse. Malama ce ta tsaya mini lokacin da ake cewa mai 'ya'ya biyu da aiki ba za ta iya karatun nan ba. In na faɗa, kundin na iya rushewa, ita ma ta juya mini baya. In yi shiru in kare abina, ko in buɗe baki?

Mai riƙe da biro, Rize

Ƙanwata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Idonki bai yi kuskure ba, kuma ba mugunta ce ta sa ki ba. Duk wadda ta tashi a gaban irin waɗannan iyaye ta san "mun gode Allah" kan fito daga bakin da ke cike da ciwo. Tsoronki ma ba na banza ba ne, shekara ɗaya da rabi da yara biyu a gida ba wasa ba ce.

Amma ba idonki aka ce ki gwada ba, takarda aka ba ki. Abin da sakamakonki ya nuna shi ne ke kin iya karanta fuska. Takardar kuwa za ta shiga asibitocin da ba kya nan, hannun mutanen da za su amince da ita saboda aikinki ya ce tana faɗin gaskiya. Ki kuma lura da wani abu mai ɗaci: ba sifirin Inna Gulizar kaɗai ya sa aka sallame ta ba, har da bakwai ɗinki. Da tun farko an ga sifiri a takarda ga hannu a ƙage, da wani ya tsaya ya yi tambaya. Saukowa daga bakwai zuwa sifiri ita ta yi kama da waraka.

Don haka ki fara da Inna Gulizar. Gobe ki sami likita ki gaya masa yadda aka yi, a kira ta a sake auna hannun, kuma ki roƙi sashenku kada a ƙara sallamar kowa da takardar kaɗai. Ki nemi ɗanta ki fahimtar da shi cewa gashin nan ne zai bar mahaifiyarsa a gonarta, ba tare da kin tona abin da ta gaya miki a asirce ba.

Malama kuwa ki je mata da ƙafarki cikin makon nan, ba ta waya ba. Ki ware takardun nan talatin da ɗaya ki ajiye a gabanta, ki faɗi abin da kika yi ba kwana-kwana. Za ta yi fushi, kuma tana da hujja, sunanta na kan aikin. Ba zan yi miki alkawarin za ta yafe nan take ba, kuma mai yiwuwa a ɗaga ranar kare kundin. Amma jin sa daga bakinki yanzu ya fi mata sauƙi a kan ta gano bayan an buga. Kina da mutum sittin da biyar da amsoshinsu ke tsaf, ba ki dawo hannu wofi ba. In ta huce, ki gaya mata abin da kika gani: matan nan ba sa faɗin ciwo da lamba a gaban iyali. Wataƙila sai an keɓe su, an tambaye su abin da hannu ke iya yi, kamar ɗaga butar shayi ko ɗaura ɗankwali. Wannan ilimi ne da ya cancanci shiga kundi da sunansa, amma ki bar ta ta yanke yadda za a yi.

Ki gaya wa mijinki ma, kin ɗauki kayan nan ke kaɗai ya isa haka.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran Malama, ya kuma nuna miki ranar da Inna Gulizar za ta ɗaura ɗankwalinta da hannunta.

Yayarki, Perihan