Takalminka da Motar Gyaɗa

Assalamu alaikum, Maigida.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ni ce Asabe. Ɗazu wata mota ta tsaya a ƙofar gida tana zubar da ruwa, direban yana ta zagaye ta yana faɗa. Na yi dariya har na share hawaye, don kai na tuna.

Ka tuna shekarar da kake jan motar gyaɗar attajirin nan na Gumel, lokacin da mutane ke watsewa in sun ji ƙugin inji? Da hantsi wani mai jaki ya zo daga Maigatari ya ce Inna tana kwance, ba ta ko shan kunu, sunana kawai take kira. Ka tafi ka roƙi mai motar, ya ba ka. Ranar na fara shiga mota. Na riƙe ƙarfen kujera kamar za a ƙwace mini.

Ba mu kai rabin hanya ba sai tururi ya taso ta gaba. Ka kashe injin, ka ɗaga murfi, ka nuna mini inda ruwa ke tsiyaya: daidai wuyan ƙarfen da tiyo ke kamawa a kan injin, inda ruwan zafi ke fita zuwa lagireto. Faifan da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya ruɓe. Na ce ka buɗe mana, mu yi sauri. Ka ce, “Asabe, ba a taɓa ta tana fushi. Bari ta huce.” Ka zauna gindin aduwa. Ni kuwa na kasa zama, gani nake kafin ƙarfe ya huce Inna ta tafi.

Da ta huce ka kwance notunan da sifana, ka kankare tsohon faifan da wuƙa har wurin ya yi fes. Ka zazzage akwatinka, babu wani. Sai na ga kana kallon ƙafarka.

Jan takalmin nan ne da ka saya da salla, wanda ko yayyafi ba ka bari ya taɓa. Ka cire ɗaya, ka ɗora wuyan ƙarfen a kai, ka zana, ka yanke, ka huda. Ka shafe fatar da man shanun da na ɗauko wa Inna. Ka riƙa ɗaure notunan kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, kana cewa in aka matse ɗaya kaɗai ƙarfen zai tsage. Ni ka tura rijiyar wata ruga. Matan suka ara mini tulu, suka biyo ni don su ga abin da ke shan ruwa ba baki.

Ka cika lagireto da ruwa, ka wana motar da hannu, ta tashi. Muka tsuguna muna leƙen wurin. Ko ɗigo babu. Ɗayan takalmin ka ba wani tsoho a wurin, ka ce ya nema masa ɗan'uwa.

Kafin la'asar muka shiga Maigatari. Yashin ya hana motar shiga lungunmu, ka taka shi da zafinsa ƙafa ba takalmi, kana ɗan tsalle kana ɓoyewa. Inna ta ji muryata ta buɗe ido. A ranar ta sha kunu daga hannuna, bayan mako ta tashi.

Har ta rasu, shekaru da yawa bayan nan, tana gaya wa ƙawayenta ba ta taɓa ganin suruki mai kunya irinka ba, wanda ya tuɓe takalmi tun daga bakin gari don zai gaishe ta. Duk lokacin da ta faɗa, sai ka sunkuyar da kai ka ce, “Ai girmanki ne, Inna.” Ni kuma in toshe baki da gyale.

Ina kewarka, Maigida. Allah Ya sanyaya makwancinka, Ya haskaka kabarinka da na Inna, Ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Matarka,
Asabe